John ɗin Gwennap: mutum ɗaya ne ko biyu?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Ku raba ni da wata gardama. Kun san ina karatun haƙar ma'adinai a Penryn, yankin Kwanwal a kudu maso yammacin Ingila. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana bin salsalar danginta, duk mahaƙa ne kaka da kakanni, sai ta maƙale a kan wani kakansu mai suna John da ya tafi Ostareliya ya bar babban ɗansa a gida. Rajistar cocin Gwennap ta ce an yi masa baftisma a 1819. Ƙidayar 1841 ta ba shi shekara 15. Ta 1851 ta ce 27, haifaffen Redruth. Dutsen kabarinsa a garin Moonta na Ostareliya ya ce ya rasu a 1878 yana da 57. Ni na ce mata ta riƙe na coci ta watsar da sauran, don shi kaɗai aka rubuta lokacin da abin ya faru. Ta ƙi. Wa ya fi gaskiya?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kai ka fi gaskiya. Gani ya kori ji. Limamin cocin ya ga jaririn da idonsa, mai sassaƙa dutse kuwa abin da 'ya'yan mamaci suka faɗa masa ya rubuta, a wata nahiya, bayan shekara kusan sittin. Ko mu nan, mutum nawa ne ya san shekarar haihuwar mahaifinsa daidai?

Anti Rabi: Malam, a kan dutsen na yarda da kai. Amma Nura, ka yi lissafin 1841 kuwa? A ƙidayar nan an umurci ma'aikata su rage shekarun duk wanda ya wuce 15 zuwa biyar-biyar, wato mai 19 a rubuta 15, mai 24 a rubuta 20. Da a 1819 aka haife shi, yana da 21 ko 22, sai a rubuta 20. An rubuta 15. Ke nan haihuwarsa tsakanin 1821 da 1826 take. Ta 1851 kuma, wadda aka nemi ainihin shekaru da garin haihuwa, ta kai mu 1823 ko 1824. Ƙidaya biyu, tazarar shekara goma, bakinsu ɗaya. Rajistarka ce ta fita daban.

Nura: Anti, ai mutane na rage shekaru.

Anti Rabi: Suna yi. Amma saurayi ɗan 22 ya ce shi bai kai 20 ba, a gidan ubansa, don ya samu me?

Malam Habu: To kina nufin limamin ya yi ƙarya?

Anti Rabi: A'a Malam. Ina nufin gaskiya ya rubuta, amma a kan wani yaron. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar ba wace takarda ta fi inganci ba ce, tambayar ita ce ko duka huɗun mutum ɗaya suke nufi. A zamanin nan yara na mutuwa sosai a garuruwan mahaƙa, kuma al'adarsu ce idan yaro ya rasu a mayar wa ƙaninsa sunan. John na farko 1819, ya rasu yana ƙarami, John na biyu 1823. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Ɗanjos: Ku bar ni in sa baki, tunda mu ma a kan ramukan kuza muka tashi, kuma cikin Turawan da suka yi aikin kuza a Filato har da 'yan Kwanwal ɗin nan. Mai haƙa ba ya da gari, inda rami ke biya nan yake. Gwennap da Redruth maƙwabta ne, tafiyar ƙafa. Don haka saɓanin gari bai dame ni ba. Abin da ya dame ni sunan. Ina jin masu Tre da Pol da Pen a farkon sunan dangi sun fi sauƙin bi, tunda daga sunan wuri suka samo shi. Amma in irin Williams ne ko Richards, to kamar ka shiga Fagge ne kana cigiyar Sani ɗan Musa.

Nura: Daga cikin irin waɗannan ne, Yaya. Kuma takardar aurensa ba ta taimaka ba. Wajen shekaru an rubuta ya balaga kawai, uba kuma William, mahaƙi.

Ɗanjos: To ka gani. John ɗan William mai haƙa, a Gwennap, lokacin da jan ƙarfe ke tashe garin ya cika maƙil. Za ka iya samun uku a shekara guda.

Malam Habu: Duk zato kuke yi. Ni ina da takarda a hannu, ku kuna da “wataƙila”. Kuma Nura ya faɗa mini bishiyoyin dangi da yawa a Ancestry, shafin intanet na bin salsala, duk 1819 suka sa.

Anti Rabi: Haba Malam, kai da ke koyar da mu isnadi! Ruwaya ashirin da duk suka koma ga mutum ɗaya ai ruwaya ɗaya ce. Wani ya ga John na farko da ya ci karo da shi ya liƙa, saura suka kwafa.

Malam Habu: Wannan kam kin kama ni. Amma ban sauka ba tukuna. In akwai John na biyu, ina baftismarsa?

Anti Rabi: Gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa ba sai 1 ga Yuli 1837, don haka babu takardar haihuwa da za a nema. Sannan Kwanwal cibiyar 'yan ɗariƙar Kirista ta Methodist ce, John Wesley da ya kafa ta da kansa ya sha yin wa'azi a ramin Gwennap, wani kwari da ake taruwa a cikinsa. Iyali kan kai ɗan fari cocin gwamnati, su kai na baya ɗakin ibadarsu. Nura, ka je Kresen Kernow a Redruth, ma'ajiyar tarihin yankin, ka duba rajistar binnewa daga 1819 zuwa 1824.

Nura: Jama'a na dawo, jiya muka je da tsohuwar. Akwai John mai irin sunan danginsu, an binne shi a 1821 yana da shekara 2. Tsohuwa har da ƙwalla.

Anti Rabi: Alhamdulillahi. Malam?

Malam Habu: An rubuta sunan uban yaron?

Nura: Babu. Ashe fom ɗin binnewa da aka fara amfani da shi a 1813 ba shi da gurbin iyaye. Suna, mazauni, rana, shekaru, sai wanda ya jagoranci jana'iza.

Malam Habu: To kama da wane ba ta wane. Ɗanjos da bakinsa ya ce ana iya samun uku a shekara. Hujjar da kuka buge ni da ita ta dawo kanku.

Ɗanjos: Wallahi Malam ya yi gaskiya a nan.

Anti Rabi: Ya yi, sai dai yanzu shaida uku na gefena, shi ɗaya, dutsen kuma ba na kowa ba. Nura, ka ce wa tsohuwa ta rubuta 1823 da fensir, kada ta sa biro. An tattara rajistocin Methodist da dama an kai Landan a 1837, yanzu suna ma'ajiyar ƙasa a Kew, kuma an sa hotunansu a intanet. Ka fara da na Redruth. Ka kuma duba mazaunin da aka rubuta wa yaron 1821, ko ya zo ɗaya da na baftismar 1819.

Nura: Kash, mazaunin ne ban ɗauka a hoto ba. Sai na koma ranar Asabar in suna buɗewa.