Babbar Sallah ta ƙarato, nauyi ya yi yawa: a ba mu shawara

Maman Iklima, Garwa, arewacin Kamaru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Saura 'yan makonni Babbar Sallah, ni kuwa tun yanzu barci ya ƙaurace min. Ni ce matar babban wa, a gidanmu kowa ke sauka: na Yawunde, na Gaundare, kowa da yaransa. Ga 'yata tana shirin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ga ɗinkin yara ba a kai ba, ga maigida ya yi shiru a kan maganar rago, na kuma san shirun na rashi ne. In na kwanta sai lissafi har kiran assalatu. Waɗanda suka saba ɗaukar irin wannan nauyi, yaya kuke yi?

Goggo Hajja, Garwa: Wa alaikumus salam. Sannu 'yata. Abin da ke kayar da matar babban gida shi ne kunya. Ana tambayarki "akwai abin da za a kama miki?" ke kuma kina cewa "a'a, ku huta". Bana ki daina wannan. Tun kafin su taso ki kira faccalolinki ɗaya bayan ɗaya, ki ce wance, wankin kayan ciki naki ne. Wance, tuwo da miyar ranar farko naki ne. Wance, ke za ki tsare yara. Samarin gidan su ɗauki babbakar kai da ƙafa, da itace, da ɗebo ruwa. In mace ta san aikinta tun daga garinsu, da ta sauka za ta ɗaura zani ta kama, ba kuma za ta ji an raina ta ba. Wadda aka bari tana zaune a ɗaki ita ce ke komawa da ƙorafi.

Sannan duk abin da ba ya lalacewa ki gama shi mako guda kafin Sallah. Yajin nama, dakan citta da kanumfari da masoro, niƙan gari, cincin da dubulan. Suya kuwa kada ki yarda a kafa kasko da rana tsaka. Zafin Garwa a watan Mayu ba abin wasa ba ne, ga wutar murhu. Mu a gidanmu ranar yanka kayan ciki kaɗai muke soyawa, naman a rataye shi a inuwa ya tsane, a soya da sanyin asubar washegari, a kan kujera 'yar tsugunne, da butar ruwan sha a gefe.

Malam Abba, Marwa: Allah ya saka wa Goggo. Ni a kan shirun maigida zan yi magana, don shi ya fi damuna. Layya a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, wato wanda kuɗin dabbar ba zai taɓa abin da yake bukata na larura ba. Wanda ba shi da hali babu laifi a kansa ko kaɗan. Allah ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma a Suratul Hajji, aya ta 37, ya ce naman da jinin ba sa isa gare shi, tsoron Allah da ke zukatanku ne yake isa. Kuma ba dole sai ƙaton rago mai ƙaho ba. Tunkiya ta isar, akuya ko bunsuru da ya cika shekara ya isar, muddin babu makanta ko gurgunta ko ciwo bayyananne ko matsananciyar rama. Dabba ɗaya maigida zai iya sa iyalansa da ke ƙarƙashinsa a cikin ladanta. Kwanakin yanka kuma uku ne, 10 da 11 da 12 ga Zulhajji, kuma sau da yawa farashin dabbobin da suka kwana a kasuwa yakan sauko bayan ranar farko. 'Yar'uwa, ki zauna da shi cikin laushi ki ce masa ke ba ki ɗora masa rago ba. Maza da yawa fuskar matansu suke tsoro, ba kasuwa ba.

Hamma Ɗan Moto, Garwa: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ku gafarce ni. A karatu abin da sauƙi. A unguwa kuwa ɗanka zai tsaya a bakin ƙofar maƙwabci yana kallon ana fiɗa, ya dawo ya ce Baba namu fa? Wannan kallon shi ke sa mutum cin bashi. Ina ɗaukar magidanta a moto zuwa kasuwar dabbobi, ina jin yadda suke magana su kaɗai a bayana.

Malam Abba: Gaskiyarka Hamma, ban raina wannan ba. Shi ya sa aka so mai layya ya ci ya kuma raba, kuma maƙwabcin da bai yanka ba shi ya kamata a fara aika wa tun hanta tana da zafi, ba sai an gama zaɓe an bar masa ƙashi ba. Ga kuma watanda. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi sa, a raba kashi-kashi, yara su ci nama su ƙoshi. Sai dai a sani, a wurin Malikiyya haɗa kuɗi a dabba ɗaya ba ya zama layya, nama ne na ci. Wasu mazhabobin sun halatta mutum bakwai su haɗu a saniya. Ko ta wace fuska, ya fi bashin da za ka kai watan Satumba kana biya, lokacin da kuɗin lekol, wato makaranta, ya taso.

Bappa Manomi, Pitowa: Ina goyon bayan wannan. Sallah tana matsowa gaba da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara: a 2023 ƙarshen Yuni, a 2024 tsakiyarsa, a 2025 farkonsa, bana, 2026, ƙarshen Mayu. Wato ta faɗo daidai lokacin shuka. Kada kowa ya taɓa kuɗin iri da taki, kada a sayar da san noma saboda kwana uku. Ni abin da nake yi, bayan Sallah nake sayen ɗan rago ƙarami a kasuwarmu ta Lahadi, in ɗaure shi a bayan gida, harawar gyaɗa da dusa da ɗan ƙuli-ƙulin 'ya'yan auduga. Kafin shekara ta zagayo ya zama rago, ban ji fitar kuɗin a lokaci ɗaya ba.

Baba Tela, Yelwa: Maman Iklima, ɗinkin yaran nan ki kawo wa telanki gobe, kada ya wuce jibi. Bana abin ya haɗe mana: kayan faretin 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa, na 'yan lekol da ƙungiyoyi, sai Sallah ta biyo baya da kusan mako guda. Ga ɗaukewar wuta. Duk telan da ya karɓi kaya a makon ƙarshe ya ce "in sha Allahu za a samu", ku ji tsoron alkawarin. In lokaci ya ƙure, yaro ɗaya kaya ɗaya ya isa, ko a sayi ɗinkakke a babbar kasuwa.

Kuma ina roƙon 'yan'uwana teloli da masu moto. Na ga yara masu hannu mai kyau suna haɗa Nescafé da tramol don su kwana uku a kan keke. Na ga wanda ya zube a shago yana karkarwa, kumfa a baki, rigar wani a hannunsa ba a gama sa mata wuya ba. Ni yanzu ina da littafi, in ya cika na rufe karɓa, ko wane ne ya zo. Wanda ya yi fushi zai huce.

Adda Nas, Gaundare: Baba Tela ya taɓo inda nake so. Tramol da yawa yana jawo farfaɗiya, yana kuma kama mutum ya kasa bari. A bar shi.

Maman Iklima, rashin barcin nan kada ki raina shi. Babban mutum yana bukatar awa 7 ko fiye a dare. Lissafin da ke yawo a kanki ki sauke shi a takarda bayan Isha'i: abin da za a saya, wa zai yi me, me za a iya bari. Abin da aka rubuta ba ya tashin mutum cikin dare kamar wanda aka riƙe a ka. Shayi mai kauri da kofi a tsayar da su daga La'asar, waya kuma a ajiye ta nesa da shimfiɗa. Ki je a auna miki jini tun yanzu, ko a farmasi ne, don hawan jini ba ya sallama.

Ga kowa da kowa: bayan kowace Babbar Sallah muna ganin masu hawan jini da ciwon suga sun dawo a rikice. Dalili biyu ne, an manta shan magani saboda hidima, an kuma ci soyayyen nama safe da rana da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen magi ma gishiri ne. A haɗa naman da miyar ganye, yakuwa ko zogale ko kuɓewa. Ruwa a sha sosai. Kada a dogara da firigo, in wuta ta ɗauke yini guda a wannan zafi nama ya tashi daga aiki. A soya shi ya bushe ko a yi kilishi. In kuwa damuwa ta kai mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke yi wa mutum daɗi, wannan ya wuce gajiyar Sallah, a ga likita.

Maman Iklima: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Goggo, na kira faccalata ta Gaundare yanzu, ta ce ita dama kunyar tambaya take ji. Saura maganar maigida, sai ya dawo.

Inna Asabe, Yawunde: Bari mu baƙi ma mu ji namu. Mu da ke unguwar Birikitiri muna hawa arewa da Sallah, mu daina zuwa hannu rabbana da tsarabar ayaba kawai. Mako biyu kafin tafiya a tura wa gidan da za a sauka ɗan kuɗi ta waya, Orange Money ko MoMo, a ce na shinkafa da mai ne. A faɗi ranar zuwa da ranar komawa. Tikitin jirgin ƙasa na Gaundare a yanke shi da wuri, musamman mai son wurin kwanciya, don tafiyar dare ce, ga kuma mota daga Gaundare zuwa Garwa tana jira da safe. Mai yara ƙanana ya bar kwana ɗaya na hutu kafin ranar Idi. In kuɗin motar iyali duka zai karya ka, mutum ɗaya ya je a madadin kowa, sauran a gaisa ta bidiyo.

Yaya Falmata, Njamena: Gaisuwa daga wannan tsallaken, Chadi. Mu ma zafi ya wuce digiri 40 a wannan lokaci, don haka in zan je sayayya Kuseri, a gefen Kamaru, da sassafe nake tsallaka gadar Ngeli, kafin cunkoso. Ziyara kuma na raba ta kwana uku: ranar farko iyaye da surukai, ta biyu dangi, ta uku ƙawaye, kuma sai bayan La'asar.

Amma akwai nauyin da ba na kuɗi ba ne ba na aiki ba. Sallar farko bayan rasuwar mahaifiyata, na tashi na dafa komai, na zuba abinci a kwanon da nake kai mata, sai da na rufe shi na tuna. Kowa yana barka da Sallah, ni ina bayan ɗaki. Abin da ya taimake ni, wata maƙwabciya ta shigo ta zauna kusa da ni, ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai ambaci sunan Inna ta yi mata addu'a, muka yi hirar irin miyar da take so. In kun san gidan da aka yi rashi bana, ko matar da mijinta ya rasu, ko waɗanda rikici ya raba da garuruwansu suka zauna a cikinmu, ku fara da su. Mai makoki kuma ba dole ne ya zagaya gari ba, in gida biyu zai iya, ya yi biyun.

Malama Hadiza, Marwa: Allah ya jiƙan Inna, Yaya Falmata. Maganar mai BEPC kada ta ɓace a cikin zancen nama. Yarinya mai jarrabawa ita ake fara mayarwa 'yar aike in baƙi sun cika gida. A ware mata awa biyu da safe da ba mai kiranta, in gidan ya cika da hayaniya ta je gidan wata gwaggo ta yi bita. Ranar Idi kuwa a bar ta ta yi kwalliya ta je kallon hawan dawaki a ƙofar Lamiɗo kamar kowa.

Hamma Ɗan Moto: To Malam, na karɓi maganar watanda. Mu na Garwa da ke so, a yi min magana ta gefe kafin Juma'a, mu san yawanmu, mu nemi dattijo ɗaya ya riƙe kuɗin, mahauci kuma a yi ciniki da shi tun yanzu. Bappa, in za ka shiga kasuwa ranar Lahadi ka duba mana farashin sa matsakaici. Bayan Sallah kuma ina so mu kafa adashin layya: sefa 1000 duk mako, mako 50 ya zama sefa 50,000 a hannun kowa.

Bappa Manomi: Zan duba in sha Allahu. Ku turo mutum ɗaya mu shiga tare, a ga haƙoran san da ido kafin a biya.