Ciwon kai na kai wa likita, shi kuma ya tsare ni da tambayoyin rayuwata

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina fama da ciwon kai, kusan kullum da shi nake farkawa. Na ga likita uku, kowa ya rubuta min ƙwaya ya sallame ni. Na huɗun da na gani jiya sai ya ajiye biro ya ce, "Malama, ƙarfe nawa kike kwanciya?" Daga nan sai wa ke tayar da ni da dare, wa ke jinyar mahaifiyata da ke kwance, kwana nawa nake shan paracetamol a wata. Ban san lokacin da na fashe da kuka a gabansa ba, wallahi har kunya na ji. Bai ƙara min magani ko ɗaya ba. Jama'a, wannan likitanci ne ko dai ya rasa abin yi?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na ce miki kin dace. Tun 1977 George Engel, likita a jami'ar Rochester ta Amurka, ya rubuta cewa ba a gane ciwo sai an haɗa abu uku: jiki, halin da zuciya ke ciki, da yadda mutum yake rayuwa da mutanensa. Tambayar paracetamol ɗin nan kuwa ba ta banza ba ce. Mai shan sa kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata uku, maganin da kansa kan koma yana haddasa ciwon kan. Ki zauna ki ƙirga.

Baban Yara:
Ni fa ina da ja. Shekara da shekaru ana ɗora gyambon ciki a kan damuwa, sai da Barry Marshall da Robin Warren suka gano ƙwayar cutar H. pylori, wadda kan haddasa gyambon, a Ostireliya a 1982. Marshall har kwankwaɗar ta ya yi don a yarda da shi, kuma a 2005 suka karɓi kyautar Nobel. Ni kaina wata shida ana ce min "rage tunani", ashe ƙarancin jini ne. Sauraro yana da daɗi, amma kada ya maye gurbin gwaji. Tunda da safe yake kama ki, ki bincika ko kina munshari, domin ɗaukewar numfashi cikin barci na kawo irin wannan.

Maman Biyu:
Anti, na ƙirga. Kwana 22, ni kaina na tsorata. Baban Yara, ka yi haƙuri, na manta ban faɗa ba: ya auna hawan jini, ya kuma ba ni takardar gwajin jini. Ƙanwata ta yarda za ta riƙa kwana wajen Mama sau biyu a mako. Batun munshari kuma na tambayi maigida, dariya kawai ya yi ya fice.