Marurun ɗana ya ƙi ƙarewa, an ce ƙwayar cutar tana kashe fararen ƙwayoyin jininsa

Maman Habibu, Makka: Assalamu alaikum. Mun zo Makka a 2011, maigidana direba ne, kuma tun da haya ta yi tsada muka koma ɗaki biyu a unguwar Shari'a Mansur, mu bakwai da bayan gida ɗaya, ga ƙanwar maigidan da ta zo Umara ta sauka a wurinmu. Ɗana mai shekara 15 maruru yake fito masa a hammata da cinya, karo na huɗu ke nan cikin wata biyar, kuma na ƙarshen ya kai girman ƙwai har ba ya iya sauke hannunsa. An auna mugunyar, likita ya ce ƙwayar cutar bakteriya ce da ake kira Staphylococcus aureus, mai fitar da dafin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini, amma gwajin jininsa ya nuna adadinsu 16,000, wai sun yi yawa. Ta yaya abin da ake kashewa zai ƙaru? Ko in sake gwajin a wani asibiti?

Malam Sani, Jidda: Hajiya, kada ki ɓarnatar da kuɗinki, shekara 12 na yi a ɗakin gwaji. Ga babba, adadin yakan kasance tsakanin 4,000 da 11,000, kuma yana hauhawa ne saboda ɓargo yana ta turo sababbi zuwa wurin ciwon. A can ake hallaka su. Wasu nau'o'in wannan bakteriya suna fitar da dafin PVL, wanda Panton da Valentine suka bayyana a 1932. Sinadarai biyu ne da ke haɗuwa a jikin farar ƙwayar jini su huda ta har ta fashe, kuma mugunyar da kika gani yawancinta gawarwakinsu ne. Bakteriyar tana da wata dabara kuma, tana daskarar da jini kewaye da kanta ta fake a ciki.

Hajiya Babba, Madina: 'Yata, jininsa ne ya yi datti. A yi masa ƙaho, a ba shi habbatus sauda da zuma. Ni riyal 300 wani asibitin kuɗi ya karɓa a kan jikana, likitan ko ɗaga rigarsa bai yi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Malam Sani: Hajiya Babba, Allah ya ƙara girma, amma tsaga fatar da wannan ƙwaya take zaune a kanta, buɗe mata ƙofa ne. Tana zama a cikin hanci ba tare da alama ba, shi ya sa likita kan rubuta magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato man mupirocin na hanci da wankan chlorhexidine, na kwana biyar, wani lokaci ga mutanen gida duka. Maman Habibu, wane magani aka ba shi, kuma ya shanye? Tawul ɗaya suke amfani da shi?

Abu Fatima, Riyad: A auna masa suga, domin idan ya hau yana raunana fararen ƙwayoyin. Haka aka gano nawa, bayan mai gidan da nake wa aiki ya bar inshorata ta mutu wata takwas ina sayen magani da aljihuna.

Maman Habibu: Malam, ya sha kwana uku kumburin ya saɓe, sai na ajiye sauran saboda yana sa shi gudawa, ga shi yana zuwa hadda. Ina kuma matse masa marurun, amma da ruwan zafi da auduga mai tsabta nake yi, haka mahaifiyata ta yi mana. Gidana ba ƙazanta, kullum sai na goge shi da Dettol.

Malam Sani: Ba wanda ya ce da ke ƙazama, Hajiya. Matsewa tana iya tura ƙwayar cikin jini, kuma babban maruru likita ne yake tsaga shi. Idan zazzaɓi ko numfashi sama-sama ya biyo baya, a tafi asibiti a daren.

Hajiya Babba: Mu da ƙaho muka girma, ga mu nan da ranmu.

Maman Habibu: Yanzu ƙaramarsa ma wani ƙurji ya fito mata a wuya. Tawul bakwai kuma a ina zan shanya su a ɗaki biyu?