Daliget: wace kalmar Hausa ce za ta maye gurbinta?

Jama'a, ina rubuta tarihin 'yan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar PDP, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro, wato "daliget", wadda bakin kowa ya saba da ita amma alƙalamina ya ƙi amincewa.

Ba a iya ba da wannan tarihi sai da mutanen nan, wato 'yan jam'iyyar da ke jefa ƙuri'a a babban taro don tsayar da ɗan takara. Su ne suka taru a Jos a watan Fabrairun 1999 suka fifita Olusegun Obasanjo a kan Alex Ekwueme, su ne suka ɗauko Umaru Musa 'Yar'aduwa a Disambar 2006, kuma su ne suka bai wa Goodluck Jonathan ƙuri'a 2,736 a Abuja a 2011, Atiku Abubakar ya tashi da 805, ko da yake kwamitin Malam Adamu Ciroma ya riga ya tsayar da shi ɗan takarar maslaha na Arewa.

Kafofin labarai kan ce "wakilai", kuma fassarar ba ta yi ƙarya ba, sai dai ni a ganina kayan sun yi wa wannan kalma yawa. Ɗan Majalisar Wakilai wakili ne, ejan ɗin da ke tsaron ƙuri'a a rumfar zaɓe wakilin jam'iyya ne, mai aiko da rahoto gidan rediyo ma haka ake kiransa. Tunda mun daɗe da karɓar "zaɓen fidda gwani", shawarata ita ce mu kira su "masu fidda gwani", tilo kuma "mai fidda gwani", wanda ya dace da namiji da mace.

Inda na ɗan tsaya shi ne 2022. A Fatakwal a 2018 Atiku ya samu ƙuri'a 1,532, amma da ya kayar da Nyesom Wike a Abuja a 2022 bayan janyewar Aminu Tambuwal, 371 suka wadatar da shi, domin dokar zaɓe ta 2022 ta bar waɗanda aka zaɓo kaɗai su jefa ƙuri'a, ban da waɗanda muƙami ke shigar da su zaure. Na farkon ina kiransu "zaɓaɓɓun masu fidda gwani". Na biyun kuwa, malamai, "na kujera" ya fi daɗin faɗa ko "na muƙami"?