Muhawara: In Karma Doka Ce, Ta Yaya Kowa Zai Zama da Tasa Gaskiyar?

Mai Bin Diddigi: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta yi yawa a bakin mutane, wai gaskiya ta mutum ce, kowa da tasa, abin da zuciyarka ta natsu da shi shi ne gaskiyarka, karma kuma, wato dokar da ake cewa aikin mutum na komo masa ko da bayan an sake haifarsa a wata rayuwa, za ta saka wa kowa daidai da aikinsa. Ni dai na ce maganar nan tana tufka da warwara. Farkonta ya ce babu ma'auni ɗaya, ƙarshenta ya kawo doka ɗaya da ke hawa kan kowa, ya yarda ko bai yarda ba. Addinan Indiya da suka zo da karma, Hindu da Buda da Jain, babu wanda ya ce a kan mabiyansa kaɗai take aiki. Mai ja, bismilla.

Ɗalibar Falsafa: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi saurin yanke hukunci. A wajen Buda, niyya ita ce karma, haka yake a Anguttara Nikaya, ɗaya daga littattafan koyarwarsa, niyya kuwa babu mai ganinta sai mai ita. Sakamakon ma ba ɗaya ba ne. Ya ba da misalin dunƙulen gishiri: in ka jefa shi a ɗan ƙoƙon ruwa, ruwan ba ya shawuwa, in ka jefa irinsa a kogin Ganga, babu mai jin ɗanɗanonsa. Wato ƙaramin laifi guda yana iya jefa wanda bai horar da zuciyarsa ba cikin azaba, wanda ya horar da tasa kuwa ya ɗan ɗanɗana a nan duniya ya wuce. Sannan su Jain suna koyar da cewa kowane abu fuskoki ne da shi da yawa, duk abin da ka faɗa a kansa ta fuska ɗaya ka faɗa.

Tsohon Malami: Ƴata, hujjojinki masu kyau ne, sai dai Malam suke mara wa baya. A misalin gishiri yawan ruwa ne ya bambanta, ƙa'idar ba ta motsa ba. Mai ƙoƙo ba zai ce a gaskiyarsa ruwan bai yi gishiri ba, ya kuma sha lafiya. Niyya ɓoyayyiya ce, na yarda, amma ko ka nufi cuta ko ba ka nufa ba abu ne da ya auku. Mutum yana iya yaudarar kansa game da niyyarsa, kuma ba a yaudarar kai sai in akwai gaskiyar da ta saɓa wa abin da ake gaya wa kai.

Batun Jain kuwa tsari ne mai tsauri, mutane ne ke ɗaukar rabinsa. Kafin ka ce akwai tukunya, sai ka ƙayyade abu 4: da me aka yi ta, a ina take, a wane lokaci, a wane yanayi. Akwai ta a matsayin yumɓu, babu ta a matsayin ƙarfe. Akwai ta a nan, babu ta a can. Daga haɗa "akwai" da "babu" da "ba ya furtuwa" suka fitar da hukunci 7. Da zarar an cika sharuɗɗan huɗun nan, amsa ɗaya ce ga kowa. Kuma sun yi imani cewa wanda ya kai cikakken sani, irin Mahabira, babban malamin addininsu, yana ganin dukkan fuskokin lokaci guda.

Ki duba saɓaninsu ma. Jain na cewa karma wata ƙura ce ta zahiri, mai tsananin laushi, da ke manne wa rai, kuma iri 8 ce: huɗu na danne siffofin ran kamar sani da gani, huɗu na tsara jiki da tsawon kwana da matsayin haihuwa da jin daɗi ko wuya. Buda ya ce babu ma dawwamammen ran da za a manne wa. Sun yi ƙarnoni suna jayayya a kan wannan. Da kowa da tasa ce, me ya kawo jayayyar?

Dakta: Baba, ni matsalata ba a nan take ba. A ce doka ce ta kowa, ta yaya za a gwada ta? Malaman Hindu sun kasa karma uku: sancita, tarin da ya taru daga rayuwowin baya, prarabda, kason da aka ɗebo ya fara nuna a wannan rayuwar, da kiriyamana, wanda ake shukawa yanzu. Mabiya Buda kuma sun ce sakamako na iya zuwa a wannan rayuwa, ko mai bi mata, ko can gaba. To azzalumi ya faɗi, a ce karma ce. Ya mutu cikin daula, a ce tana jiransa gaba. Mutumin kirki ya sha wuya, a ce bashin baya ne. Babu abin da zai faru a ce ya ƙaryata ta, abin da ba ya ƙaryatuwa kuwa gani da ido ba ya tabbatar da shi.

Ga kuma illar. A 1966 Melvin Lerner da Carolyn Simmons sun sa ɗalibai mata kallon wata da suka zaci ana jona mata wutar lantarki in ta yi kuskure. Waɗanda aka nuna wa ba su da ikon tsayar da abin ko biyanta diyya, sai suka koma suna rage mata daraja. Zuciya ba ta son ganin wahala babu dalili, sai ta ƙirƙiro wa mai wahalar laifi. Shi kansa Buda ya toshe wannan ƙofar. Da wani mai suna Sibaka ya tambaye shi ko duk abin da mutum ke ji daga aikin baya ne, sai ya lissafa sababi 8: ruwan matsarmama, majina, iskar cikin jiki, haɗuwar ukun, sauyin yanayi, rashin kula da jiki, farmaki daga waje, sannan sakamakon karma. Ɗaya cikin takwas.

Shawarata, duk wanda ya ce maka wannan ce gaskiyarsa, ka raba maganar gida uku. Na farko abin da ya ji a ransa, misali natsuwa bayan zaman tunani. Wannan nasa ne, iyakar tambaya ko da gaske ya ji. Na biyu da'awar cewa kaza na jawo kaza a duniya. Wannan a rubuta hasashen tun kafin abin ya faru, a sa masa wa'adi, a ƙirga har da lokutan da bai faru ba, domin su ne ake mantawa. Na uku abin da ke bayan mutuwa, wanda ba ya da madogara sai labarin wanda ka gaskata. Ɓarnar tana zuwa ne in an ɗauki tabbacin na farko an lulluɓa wa na uku.

Ɗan Tsangaya: Allah ya saka, Dakta. Ƙari ɗaya: a daina haɗa karma da alhaki. In an ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ana nufin akwai Mai hukunci da ya sani, yake kamawa, yake kuma yafewa in an tuba an mayar da haƙƙi. A Buda da Jain babu alƙali, aiki ne ke nuna da kansa, kuma lissafin ba ya cika sai da sake haihuwa. Albiruni, a littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya ce yawon rai daga jiki zuwa jiki shi ne tambarin addinin Hindu kamar yadda kalmar shahada take ga Musulmi. A Musulunci rayuwa ɗaya ce sai hisabi, kuma annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa, don haka wahala ba shaidar laifi ba ce. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya fifita zauƙi, sanin da ake samu ta ɗanɗanawa. Amma bai ce kowa da abin da zai ɗanɗana ba, hanyar isa ce ta mutum.

Ɗalibar Falsafa: To ai ga inda nake jin tsoron masu "gaskiya ɗaya". Candogya Upanishad, ɗaya daga tsofaffin littattafan Hindu, ya ce mai kyakkyawan hali za a haife shi Brahmin, wato ajin malaman addini, ko wani babban aji, mai mummunan hali kuma kare ko alade ko candala, wato ƙasƙantaccen da ba a taɓawa. An karanta wannan a matsayin dokar kowa, aka danne mutane da ita. Wa ke riƙe da ma'aunin?

Mai Bin Diddigi: Ƴar'uwa, dubi yadda aka yaƙi abin. Sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950, ya haramta wannan ƙyamar. Ambedkar, jagoran waɗanda ake ƙyamar taɓawa, da ya shiga addinin Buda a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956 tare da dubban ɗaruruwan mutane, bai ce Brahmin na da gaskiyarsu shi ma yana da tasa ba. Cewa ya yi sun yi kuskure, haihuwa a ƙasan aji ba hukuncin laifin baya ba ne. "Kowa da tasa" da ta bar wanda aka danne ba shi da bakin ƙara.

Ɗalibar Falsafa: Wannan na karɓa. Amma Buda ya gaya wa mutanen Kalama kada su dogara da jita-jita, ko gado, ko nassi, ko don malaminsu ne ya faɗa, sai sun sani da kansu.

Tsohon Malami: Ƙarasa karatun, ƴata. Cikin abubuwa 10 da ya ce kada a dogara da su har da tsurar hasashen hankali da ra'ayin da ya yi wa mutum daɗi bayan ya yi tunani. Ya kuma sa sharaɗi: a duba ko abin na kai ga cuta, ko masu hikima na zarginsa. A ƙarshe ya ce in akwai wata rayuwa da sakamako, mai tsarkin zuciya ya dace, in babu, ya zauna lafiya a nan. Mai cewa "in akwai, in babu" ya san amsar ɗaya ce, mai sauraronsa ne bai san wacce ba.

Ɗalibar Falsafa: Saura "masu hikima" ɗin, Baba. Ƴan Carbaka, wata tsohuwar mazhabar falsafa ta Indiya, sun ce gani da ji da sauran gaɓoɓi ne kaɗai hujja, suka yi watsi da karma gaba ɗaya. Ƴan Niyaya, mazhabar mantiƙi ta Hindu, sun karɓi hujja 4, har da maganar amintacce. Kashi na ukun Dakta kacokan a kan wannan ta huɗun yake tsaye. Da wane sharaɗi za a gane amintaccen, wanda Hindu da Jain da Musulmi za su sa wa hannu tun kafin a faɗi sunansa?