Musayar Waƙa: Gaisuwar Mazan Jiya

Malamin Firamare, Wunti:
Salamu alaikum. Gobe 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Mu a Bauchi ciwon biyu ne, don a irin ranar aka yi juyin mulkin 1966 da ya ci Tafawa Ɓalewa. Na buɗe fage, amsa-amo "ya".

Na gai da maza, barkanku mazan jiya,
Kun kwana cikin rami, mu muka kwan lafiya,
Tun Bama, tun Kwango, har zuwa Laberiya,
Kaki ya sha gumi saboda Najeriya.

'Yar Bariki, Azare:
Malam, ka gai da maza, ka tsallake zuciya
Ta matar da ke jira dare da safiya.
Baba na Saliyo, Inna tana tuya,
Ƙosanta a kasuwar mami ya ba mu miya.
Ran da sigina ta zo, sai salati, sai juwa,
Bayan takaba aka ce mu kwashe kaya.

Ku yafe mini "juwa", hannuna ke rawa.

Tsohon Saje, Yalwa:
Allah ya jiƙan babanki, 'yata. Jikata ke rubuta mini.

Na san Saliyo, 'yata, a can na sha wuya,
Ruwa bisa kai, sauro, daji babu hanya,
Garin kwaki a kwano, ba sukari, ba miya,
Wanda muka jiƙa tare, da yamma ya riga mu gidan gaskiya.
Na dawo da igiya uku da kunne ɗaya,
Ɗayan igwa ta cinye, ban kai ƙara ba ko ɗaya.
Yau layin tantancewa ya fi fareti wuya,
Da sanda, da fayil, har la'asar sakaliya.

Auta, Tudun Wada, Gombe:
Baba Saje, na ƙame, na sara da biyayya.
Yayana na Sambisa, an daɗe ba waya,
Baƙuwar lamba in ta kira, gaban Umma ya faɗi,
Sai ta ji muryarsa take iya cin abinci.

Amsa-amon ya kuɓuce mini, a yi haƙuri.

Malamin Firamare, Wunti:
Auta, ba a tarar wanda ya faɗi gaskiya.
'Yar Bariki, na karɓi gyara, Inna ta ci gaisuwa ta musamman, ba gardama ko ɗaya.

Baba Saje, gobe zan zo da Keke Napep in kai ka wurin fareti.

Tsohon Saje, Yalwa:
Madalla, ɗana. Ka zauna ta damata, na hagun ya yi ritaya.