Koyar da Othello ta intanet: shawarwarin malaman Jos

Mun zauna da wasu malaman adabi a Jos kan yadda za a koyar da 'yan sakandare wasan kwaikwayon Othello na Shakespeare ta intanet. Bakinsu ya zo ɗaya a kan mafari: kada a tari yaro da Turancin wajen 1604. A fara ba shi labarin da Hausa, na kishi da annamimanci da hankici guda da ya rusa aure, sannan a buɗe littafi.

Mun fi daɗewa a kan kashi na uku, fitowa ta uku, inda Iago, na hannun daman Othello, ke ɗura masa zargin matarsa Desdemona kaɗan-kaɗan. Wata malama ta ce raba wa yara layukan take yi, kowa ya naɗi muryarsa ya turo ta WhatsApp. Wani ɗalibinta daga Anguwan Rogo, wanda ba ya cewa uffan a aji, shi ya fi kowa fito da makircin Iago, yana sassauta murya kamar mai raɗa. Wannan shawarar ce ta fi kwanta min a rai, domin kuɗin data da ɗauke wuta ba sa barin kowa ya shafe awa guda a Zoom.

Darasi kai tsaye kuwa a taƙaita shi, a riƙa dakatawa ana tambaya: da ke ce Emilia matar Iago, yaushe za ki faɗi gaskiyar hankicin?

Sun kuma ja kunne kan kisan Desdemona. A sanar da yara kafin a kai wurin, a bar musu ƙofar magana da malami a keɓe, don akwai masu ganin duka a gidajensu.